Tulu Goma Sha Bakwai

A Tlapazola, gindin dutse,
inda ƙasa take ja wur kamar an yanka ta,
kakata Herminia tana da tulu goma sha bakwai,
ba ko ɗaya a ka, ba ko ɗaya a rumfa.
Duk ta binne su iya wuya a lambu,
kowanne da murfin fasasshen kasko
don kada rana ta sa baki.

Ni kuwa daga arewa na dawo, ƙetaren iyaka,
shekara tara ina tsinkar latas a gonakin wasu,
inda ruwa ke fita daga ƙarfe yana juyi a sama
har bakan gizo ya gaji da fitowa.
Na zo mata da tsaraba:
mesa koriya shar, kamu arba'in, da ɗan injin ja.
Ta taɓa mesar da ƙafa
kamar mai duba ko maciji ya mutu.
Ta ce, Crisóforo, ɗaura ta can,
dama igiyar shanyarmu ta tsinke.

Kwana biyu ina kumbure-kumbure.
A na uku ta tashe ni kafin zakara,
ta miƙo mini bokiti ɗaya.
Ɗaya tak.

Ta ce, ruwan tsakar rana kyauta ce ga iska.
Tsoma yatsa.
In gaɓa ta biyu ta ji sanyi, wuce abinka.
Barkonon nan maƙaryaci ne,
da azahar kowa ma langaɓewa yake, har ni.
Ka dawo da yamma ka ga yadda zai miƙe.

Muka bi tuluna muna buɗewa.
Wannan ya sha rabi, wancan ko kurɓa bai yi ba.
Yumɓu ne tsura, ba a shafe shi da komai ba,
gumi yake yi cikin duhu:
ƙasa ta bushe ya sam mata,
ta ƙoshi ya riƙe abinsa.
A bisa kuma karan masara, ɓawon wake,
kashin awakin da ya shekara a rami,
lulluɓe har tsutsa ke walwala a ƙasa.
Kwari, toka da tafarnuwa ta ishe su.
Ruwan ɗaurayar kwano na itacen lemo ne,
na indararo kuwa yana tanki, da kwado a kai,
mabuɗin a wuyanta, tare da ƙaramin gicciye.

Shekarar nan hadari ya yi ta alkawari.
Mayu ta wuce, Yuni ta kai ashirin.
Injin Anastasio, maƙwabcinmu,
ya ja laka, ya ja iska, ya yi tari ya mutu.
Mu ma tumatir huɗu suka tafi.
Ta tumɓuke su ba ko tsaki,
ta juye rabonsu wa kabewa.

Ni na fasa na goma sha ɗaya, da fartanya.
Na tsaya ina jiran faɗa.
Ta ce, tono shi.
Na tona a hankali, sai ga saiwoyi,
farare sirara, sun saƙa masa riga,
sun rungume shi ta ko'ina,
na ja, sun ƙi saki.
Na daɗe a durƙushe.
Shekara tara ina ba shuka ruwa,
ban taɓa ganin tana sha ba.

Washegari muka hau dutse ɗibar yumɓu,
ita da sanda, ni da buhu.
Nawa tulun ya fito da karkataccen baki,
matan unguwa suka yi dariya har da hawaye.
Ta ce, ƙasa ba ta duba baki.

Mesar tana nan tsakanin lemo da katanga.
Yau ma zanenta na kai, yana ɗiga.
Dubi ƙarƙashin, daidai inda ɗigon ke sauka:
na'ana'a ta shuka.